Haƙori Guda Da Ya Rage Wa Inna

Na gode wa Allah da Ya tashi kafaɗun mahaifiyata. Na ɗauki biro ne saboda masu tsofaffi a gida, kada wani ya bi hanyar da na bi. Sunana Ishaya, facin taya nake yi a bakin titi a Zuru, gidana yana Rikoto. Karatuna bai yi nisa ba, shekara biyu na yi a sakandare na kama sana'a. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya yi haƙuri, wanda na tafka a jinyar ya fi shi girma.

Inna tana wurina tun shekarar da zaman ƙauyenmu na wajen Wasagu ya gagara. Ta haura saba'in, amma ita ke jan waƙa a cikin matan cocinmu, kuma in ta yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Mu Lelna ne, waɗanda Hausawa ke ce wa Dakarkari. A zamanin ƙuruciyarta ana feƙe wa samari da 'yan mata haƙoran gaba na sama, a yi musu tsini. Ado ne a lokacin, kuma shaida ce ta wanda ya iya daure zafi. Yanzu ba mai yi. Ita huɗu aka feƙe mata. Ɗaya ya karye ranar da ta faɗi da tulu, biyu mai cire haƙori na kasuwa ya tafi da su. Saura guda, yana tsaye shi kaɗai kamar ƙaya. A kansa muka yi wata huɗu muna jinya.

Abin ya fara a tsakiyar damina. Matata Hannatu ce ta lura, ni ban lura ba. Ta ce Inna ta daina shan ruwan randa sai wanda ya sha rana, kunu kuma sai ya huce sarai. Da na tambaye ta, ta ce ba komai. Bayan mako guda ta daina cewa ba komai. Sai ta zauna a tabarma ta dafe leɓenta na sama tana lilo da jiki, ba kuka ba magana. Haƙorin ya yi duhu kamar an shafa masa toka.

Kowa ya shigo da nasa maganin. Maƙwabciya ta daka kanumfari aka liƙa. Wata ta ce jar kanwa. Ƙanin mahaifina ya ce tsutsa ce, a kai ta wurin mai hayaƙi ranar kasuwa ya fito da su kowa ya gani. Ni kuma ina sayo ƙwayar ciwon kai a kemis, in ɗaya bai yi ba in ƙara mata biyu. Duk wanda ya faɗi nasa sai in ga shi ne mai gaskiya, har sai na bayansa ya zo.

Kusa da rumfata akwai Sale mai cajin batir, mutumin Jega, shekara goma muna tsokanar juna. Ya ga na rasa kan aikina sai ya leƙo.

"Kai Badakkare, mi ya same ka? Tun safe taya guda kake ma dambe."

Na gaya masa.

"Wanga shi ne abin damuwa? Ɗigo guda na ruwan batir a auduga, ka danna a gindin haƙorin. Direbobi nawa na yi ma? Tsutsa ta mutu, kowa ya huta."

"Ba ya ƙuna?"

"Shi ciwon sanyi yake mata?"

Ba na ɗora wa Sale laifi. Abin da ya sani ya faɗa. Ni ne na sha ganin yadda ruwan nan ke huda wandonsa, kuma duk da haka na karɓa a 'yar kwalba na kai gida. Na same ta a tsakar gida da hantsi, na ce mata maganin asibiti ne. Ta buɗe baki ba musu. Ina dannawa ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, hawaye na zuba, amma ko uhum ba ta ce ba. Washegari dasashinta ya yi fari ya saɓule, cikin leɓen ya zama gyambo. Ciwon haƙori kuwa yana nan inda yake.

A mako na uku muka je asibiti a nan Zuru. Mun isa tun bakwai, muka yanki kati, muka zauna a benci har rana ta take. Ma'aikacin da ke duba haƙori ya haska bakinta, ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya sa mata wannan abin?"

Na tsaya duban takalmina. Inna ta ce, "Ni na sa, ɗana. Tsufa ne."

Na bar ta ta ɗauki laifin. Mutumin ya ba da maganin gyambon, ya ce in ya warke za su iya cire haƙorin cikin minti kaɗan. Ya ce akwai wata hanyar kuma, ana iya ceton sa, amma su ba su da kayan aikin, sai an je babban gari. Ni har na fara godiya a kan cirewar. Inna ta sauko daga kujera ta gyara zanenta.

"Uku na ba ku. Wanga da shi za a rufe ni."

Da muka fito na shiga lallashi. Na ce, "Inna, haƙori guda ne fa, ko tauna ba kya yi da shi."

"Kai ma kai kaɗai ne namiji gare ni, ban ga abin da nake taunawa da kai ba. Na yar da kai?"

Muka yi tafiya kaɗan, sai ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Mu shida anka feƙe muna rana guda a gindin dutse. Biyar sun tafi. In na je, da mi za su gane ni?"

Yayata Rifkatu tana koyarwa a Birnin Kebbi. Na kira ta, ta ce akwai asibitin haƙori da ke wannan aikin, in kawo Inna kada in tsaya shawara da 'yan tasha. Kuɗin ya ninka na cirewa sau da yawa. Na sayar da akuya, Yaya ta cika. Muka bi ta Mahuta da Koko da Jega, Inna ta toshe baki da gefen mayafi, kowane rami motar ta faɗa sai in ga ta runtse ido.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwar matata ba. Ta ce, "Sannu Hajiya, hau nan."

Inna ta ce, "Ni ba Hajiya ba ce, 'yata. Ko Sakkwato ban taɓa zuwa ba."

"To Mama. Ai na ga haƙorin naki ya fi na Makka tsada, tun daga Zuru aka biyo shi."

Ranar ce Inna ta fara murmushi cikin mako huɗu. Likita ta duba tabon dasashin ta ce, "Ƙunar ruwan batir ce wannan, na sha gani." Ba ta tambayi wanda ya sa ba. Aka ɗauki hoton haƙorin, ta ɗaga shi a haske ta nuna mana wani baƙin tabo a can ƙarshen saiwar. Ta ce haƙori kamar karan dawa yake, waje tauri, ciki totuwa. A cikin totuwar jijiya take. Feƙewar da aka yi tun da daɗewa ta rage kaurin bayan, shekaru suka ƙara cinye shi, har datti ya samu hanya ya shiga, jijiyar ta fara ruɓewa. Za ta huda ta baya, ta cire jijiyar, ta wanke ramin har ƙasa, ta cike shi. Ta ce sunan aikin rut kanal. Sunan kaɗai na riƙe.

Na ce, "Likita, in kin cire jijiyar ai ya mutu ke nan."

"Ya mutu."

"To me za a ceta?"

"Haƙorin."

"Wanda ya mutu?"

"Malam Ishaya, ginshiƙin rumfarka itace ne mai rai? Amma ai shi ke riƙe da rumfar."

Na gyaɗa kai don kunya, amma ban gane ba. A kaina abin da ya mutu binne shi ake yi, ba a biyan kuɗi a bar shi a baki. Inna kuwa ta kwanta ta ce, "Na ji. Yi aikinki, 'yata."

An yi mata allurar kashe zafi. Ina daga gefe ina kallon wasu 'yan allurai sirara masu kai kala-kala, likita tana sa wannan ta murza ta cire, ta sa wancan. Da ta huda sai wani wari ya tashi har inda nake. Kusan awa guda aka yi. A ƙarshe ta toshe ramin da wani farin abu, ta juyo wurina.

"Wannan toshi ne na wucin gadi, akwai magani a ƙarƙashinsa. Ba a gama ba. Bayan kwana goma ku dawo, ko da ciwo ko ba ciwo." Ta maimaita, ta rubuta ranar a kati ta miƙa mini.

Kafin mu iso Zuru washegari Inna tana cin ƙosai a mota. Ciwon ya tafi kamar an cire ƙaya. Ranar Lahadi ta ja waƙa. A nan na sake ɓata hanya. Na yi tunani irin na mai faci, taya in ta daina zubar da iska ba a sake buɗe ta. An ce jijiyar ce ke ciwo, an cire ta, to me za a koma yi? Har na fara zargin ko dabarar karɓar kuɗi ce, Allah Ya yafe mini. Ga hanya da nisa, ga aikin gonata ya taso. Na sa katin a aljihun rigar coci. Da Yaya Rifkatu ta kira ta tambayi ranar komawa, na ce likita ta ce in ba ciwo ba sai an dawo ba. Inna ba ta karatu, kuma lokacin da likita ke maganar bakinta a kumbure yake da allura, hankalinta ba ya wurin. Ta yarda da ni.

Mako biyar muka yi lafiya lau. Wata rana tana cin gasasshiyar masara ta tofar da wani farin abu a tafin hannu ta nuna wa Hannatu. Da aka gaya mini na ce ba komai, tsakuwa ce. Bayan kwana shida leɓenta ya ɗaga. Kwana biyu a kan haka kumburin ya hau gefen hanci ya kusa rufe ido, jikinta kamar garwashi. Na tsaya a kanta na rasa abin da ke faruwa. Haƙorin da aka ce ya mutu, ta yaya yake ciwo? Ƙanin mahaifina ya zo ya duba ya ce dama ya faɗa, ba a barin matacce a bakin mai rai. Na ji kamar shi ma yana da gaskiya.

Shatar mota na ɗauka. Likita ta duba fuskar Inna, ta duba takardarta, ba ta ɗaga murya ba.

"Kwana goma na ce. Yau kwana arba'in da uku. Malam Ishaya, na buɗe ɗaki na share rabi na sa ƙyaure na kara, ka bar shi damina ta wuce a kansa. Kumburin nan da ya ƙara kwana biyu, ba maganar haƙori za mu yi ba."

Yaya Rifkatu tana tsaye. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Kwana goma?" Ba ta ƙara ce mini ko kalma ba, har yau kuma ba ta tayar mini da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Duk mai karanta wannan, in an fara wa naka irin wannan aikin, ɗaukewar ciwo ba warkewa ba ce. Ni ban fahimci dalilin ba sarai har yanzu, amma na ga abin da ke biyo baya da idona.

An buɗe ramin, mugunya ta yi ta fita. Aka rubuta ƙwayoyi da allurai. Likita ta ce ba ta yi alkawarin haƙorin zai tsira ba, in tabon saiwar bai ja baya ba dole a cire. Inna ta ji wannan, ta juya fuska bango. Muka tare a gidan Yaya mako uku, na rufe rumfata na bar wa Sale makulli. Ni ke dama mata kunu in ba ta da cokali ta gefen baki, ni ke dafa ruwan gishiri na kurkura, ni ke zuwa da sassafe in kama layi kafin su iso. Sau uku aka sake wanke ramin. Wata rana mun yi awa huɗu a benci aka ce ba wuta kuma janareto ya ƙi tashi, muka koma. Na yi ta mita a hanya, Inna ta ce in mitar tana kawo wuta in ƙara. A wanki na uku aka sake hoto, likita ta ce tabon ya fara ja da baya, ramin ya bushe. Ta cike saiwar da wasu 'yan tsinkaye ja kamar na roba. Haƙori ya tsira.

Da labarin ya tsaya nan da na ce na sha da ƙyar. Amma saura laifin da ya fi yi mini nauyi, don shi ba rashin sani ba ne.

Ranar ƙarshe, Inna tana kwance an cika bakinta da auduga, likita ta kira ni ɗakin da ke gefe. Ta ce haƙorin ya yi rauni, za ta lulluɓe shi da farin ciko mai tauri don kada ya tsage. Ta ce, "Zan iya bin sifarsa ta da, mai tsini. Zan iya kuma gina shi ya zama kamar na kowa. Ka tambaye ta wanne take so."

Na ce, "Na riga na tambaye ta. Irin na kowa take so."

Ban tambaye ta ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, tun ina firamare nake jin kunyar haƙoran Inna. An kawo ni cikin gari karatu, ranar da ta zo duba ni ta yi dariya a bakin aji, yara suka sa mini suna ɗan kura. Shekara uku ina amsa sunan. Na girma, na yi aure, na haihu, amma duk sanda ta buɗe baki a gaban baƙi sai in kau da kai. Da likita ta yi tambayar nan, yaron nan na firamare ne ya amsa.

Aka gina shi, ana haska wata shuɗiyar fitila yana daskarewa. Ya fito fari, mai faɗi, kyakkyawa. Likita ta miƙa mata madubi. Inna ta daɗe tana kallo. Ta taɓa shi da harshe. Sai ta ce, "Na gode, 'yata. Allah Ya yi miki albarka." Ta ja mayafi ta rufe baki.

Muka dawo Zuru ana ta yi mana barka. Matan coci suka zo suna cewa Inna ta koma budurwa, ta buɗe su gani. Ta ce leɓen bai saki ba tukuna. Mako guda, mako biyu, leɓen bai saki ba. Ba kumburi, ba zazzaɓi, ba ciwo, amma abinci sai ta shiga ɗaki ta ci, kuma rabi take bari. Ranar Lahadi ta koma bencin baya, wata ta ja waƙa. In jikokinta sun yi abin dariya sai ta sa hannu a baki. Gidan ya yi tsit.

Ni kuma na shiga wani sabon ruɗun. Na kai ta aka gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. Aka auna hawan jini, daidai. Na kira likita a waya, ta ce in ƙwanƙwasa haƙorin da bayan cokali in ga ko za ta ji zafi. Na ƙwanƙwasa, ta ce ba ta ji komai. Fasto ya zo ya yi addu'a. Ƙanin mahaifina ya ce mataccen ne ke shan jininta. Hannatu ta ce mini, "Baban yara, anya ciwon nan na jiki ne?" Na ce in ba na jiki ba na mene ne? Wallahi a lokacin ban haɗa abin da ƙaryata ba. A ganina na yi mata gyara, wa ke rama don an yi masa gyara?

Wata Talata da azahar na dawo gida ɗaukar abinci. Hannatu ta tafi niƙa. Na ji wani sauti daga bayan rumbu, ƙurus, ƙurus, kamar ɓera na cin ƙwarya. Na zagaya. Inna tana zaune a kan turmi, madubin Hannatu a hannun hagu, guntun dutsen wasa wuƙa a hannun dama, tana goga shi a gefen haƙorin. Leɓenta ya fashe, jini ya gangaro har haɓa.

Na riƙe hannunta. "Inna! Likita ta ce ya yi rauni, zai tsage!"

"Ya tsage mana. Wanga ba nawa ba ne. Nawa yana ciki sun rufe shi."

"Me ya hana ki faɗa tun a can?"

"In faɗa ma wa? Yarinya ta yi wahala da ni, ta yi abin da ta iya. A makarantarsu haka anka koya musu haƙori yake. In kunyata ta a gaban mutane?"

Ta ɗora laifin a kan rashin sanin likita, kuma har ta yafe mata. Da na yi shiru, da shi ke nan, ba mai sani har abada. Na durƙusa a ƙasa a gabanta, na gaya mata an tambaya, ni na amsa. Na haɗa da katin kwana goma. Na haɗa da ruwan batir.

Ta ajiye dutsen, ta share jinin da gefen zane.

"Na batir na sani, warinsa irin na rigarka ne. Na kati Rifkatu ta gaya mini." Ta ɗago ta dube ni. "Wanga kuwa ban zata ba. Na san kana jin kunyata tun kana yaro, don in na zo makarantarku ta bayan aji kake biyo da ni. Na ce zai girma. Ashe gemu kawai ka yi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi, ƙasa na ɓata maka wando. Yafiya tana Birnin Kebbi. Nemo mota."

Ranar Alhamis muka koma. A gaban Inna da Yaya na gaya wa likita ƙarya na yi mata. Ta dube ni, sannan ta juya wurin Inna ta ce, "Mama, ni ma da laifina. Bakinki ne, ke ya kamata in tambaya." Ta duba inda dutsen ya ci, ta ce Allah Ya taimaka cikon kawai ya goge, haƙorin bai tsage ba. Ta ce za ta rage shi ya koma sifarsa, amma ba zai yi tsini sosai kamar da ba, dole ta bar masa kauri, kuma an yi sallama da gasasshiyar masara da ƙashi.

"Sai dai ni cikewa aka koya mini, ba a koya mini feƙewa ba. Ke za ki riƙe madubi ki nuna mini. Ba sai an yi allura ba, tunda ba jijiya."

Inna ta ce, "Na farkon ma ba a yi allura ba, kuma da jijiyar."

Injin goge haƙori ya fara kuka. Likita ta ɗan goga ta tsaya, Inna ta duba.

"Ƙara ta nan."

Ta ƙara.

"Wancan gefen ya fi wanga. Wanda ya yi mini na farko da ido guda gare shi, amma bai karkace ba."

Likita tana dariya har sai da ta ɗaga injin. Ma'aikatan asibitin biyu suka leƙo suna kallo. Ko minti ashirin ba a yi ba. Inna ta taɓa tsinin da harshe, ta juya madubin hagu da dama, ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Yawwa. Sannu da zuwa."

Muka fito ta ɗakin jira, benci cike da mutane. Wata mata mai goyo ta ce, "Sannu Mama, an cire?" Inna ta ce, "An mayar dai," ta buɗe baki ta yi dariyarta ta da, wadda ake ji har waje. Mutane suka juyo. Wata budurwa ta zaro ido ta taɓa ƙawarta.

Zan so in rubuta cewa ban ji komai ba. Amma na yi alkawarin gaskiya a takardar nan. Na waiga in ga su wa ke kallo, kuma Inna ta gan ni. Ta kama hannuna ta tsayar da ni a tsakiyar ɗakin.

"Bar su su duba, Ishaya, yau kyauta ne. Ubanka sai da ya yi noma shekara bakwai a gonar ubana kafin a bar shi ya dube shi da kyau."